Gem ya yi girma, faifai ya cika: yadda ake ƙara SSD a kwamfutocin Gusau, Tsafe da Bungudu

A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don jami'an tsaro su samu sararin fatattakar 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, ƙananan hukumomi da dama kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtua saboda kiran waya ɗaya, da aka rufe can ma suka miƙa Zariya.

Cikin asarar da aka tafka a watannin nan, ta mai kwamfutar wasa ce mafi ƙanƙanta, babu mai ja da wannan. Amma ta nuna wani abu da mai injin irin wannan a Zamfara ya kamata ya riƙe: abin da ke zaune cikin injinka shi kaɗai ne naka. Wanda ya goge gem a watan Agusta don ya buɗa wa wani wuri, da niyyar zai sake saukewa in ya yi marmari, haka ya zauna yana kallon allo. A ƙasashen da intanet ke shiga gida ta waya ba dare ba rana, gogewa da sake saukewa ba wani abu ba ne. A nan kuɗi ne, mai ne, kuma kwana ne. Shi ya sa ƙarin wurin ajiya ya zama gyaran farko da ya cancanci kuɗin mai kwamfuta, tun kafin fitilu masu launi da akwatin gilashi.

Gaskiya masu irin wannan inji ba su da yawa. Mafi yawan matasa a waya suke wasa, gidajen gem kuma PlayStation suke jerawa. Kwamfutar tebur mai katin girafik za ka fi samunta wurin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Zariya, da na Kwalejin Ilimi ta Fasaha, da masu situdiyon hoto da haɗa bidiyon biki, da masu shagon buga takardu. Kusan dukkansu inji ɗaya ke yi musu aiki biyu: da rana neman abinci, da dare ƙwallo. Saboda haka faifan da gem ke cikawa shi ne dai faifan da hotunan ɗaurin auren mutane ke ciki.

Gem ɗin kuwa sun yi ƙiba. GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015 wajen gigabait 65 yake nema, yau ya kai wajen 100. Red Dead Redemption 2 na neman 150. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, gigabait 100 kamfaninsa ke cewa a tanadar masa. Injin da aka sayo na hannu da faifai mai gigabait 256 ko 500, in Windows ya ɗauki rabonsa, gem biyu ko uku sun gama da shi. Sannan a 2023 wasu manyan gem, irin su Starfield da sabon zubin Cyberpunk 2077, suka rubuta ƙarara a sharuɗɗansu cewa SSD suke so, tsohon faifai mai juyawa ya huta.

Lissafin saukewa ma abin dubawa ne. Gigabait 100 a kan sabis mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, in bai yanke ko sau ɗaya ba, awa 22 ne da 'yan mintoci. Wane gida ne a Tudun Wada ko Samaru ke da tabbacin wutar awa 22 a jere? In janareta za a tayar, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke ci. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Gem ɗin nan dai, in daga faifan aboki za a kwafo shi, mintoci ashirin sun isa. Manhajar sayen gem ta Steam ma tun 2023 ta ba da damar kwamfuta ta ja gem daga wata kwamfutar da ke layi ɗaya da ita a ɗaki, matuƙar mai ja ya mallaki gem ɗin a asusunsa. Gem ɗin kwafe da aka fasa kuwa, wanda masu turi ke zuba wa mutane, ban ba da shawararsa ba. Ko an ajiye batun haƙƙin mai shi gefe, ta nan ɓarayin kalmar sirri suka fi shigowa, injin kuma shi ne dai wanda ake buɗe asusun banki da shi.

Abin da SSD ke yi, da wanda ba ya yi

Tsohon faifai, wanda masu gyara ke kira HDD, faranti ne na gaske ke juyawa a ciki, sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai allura yana kai-komo a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Kamfanin IBM ya fara fito da irinsa a 1956, girman akwatin ya kai firji biyu, abin da yake ɗauka bai wuce megabait biyar ba. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙwayoyin lantarki ne irin na filash da memorin waya, waɗanda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Neman ɗan guntun bayani da kan ɗauki tsohon faifai wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, SSD kan yi shi da sauri ninki kusan ɗari. Gem kuwa dubban ƙananan guntaye ne: rigar ɗan wasa, ciyawar fili, ihun 'yan kallo, kowanne sai an nemo shi.

Nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai inji da mai gyara. Mutum zai shigo shago ya ce, "Injiniya, injin ga ya yi nauyi, ƙwallo na tsinkewa, a sa mani SSD." In nauyin na tashi ne, ko na tsayuwar jiran lodin kafin a shiga fili, ko ɗan ƙamewar da mota ke yi a GTA sa'ad da aka shiga sabuwar unguwa, SSD zai magance. In kuwa hoton ne ke tafiya da ɗingishi tun daga busa usur har tashi, laifin katin girafik ne, ko firosesa, ko ƙarancin ram. Ko SSD mafi tsada aka sa, yawan hoton da ke fita a daƙiƙa ba zai ƙaru ba. Mai gyaran kirki yana faɗin haka tun kafin ya karɓi kuɗi.

SSD ɗin ma iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kamar ƙaramin akwati, inci biyu da rabi, da ake jona shi da wayar SATA, irin wayar da tsohon faifai ke amfani da ita. Iyakar gudunsa wajen megabait 550 a daƙiƙa. Akwai kuma siriri mai suna M.2, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin madabod. Lambar 2280 da ake gani a kwalinsa awo ne kawai, faɗi milimita 22, tsawo 80. Cikin masu wannan siffa, waɗanda ke aiki da tsarin NVMe kan kai megabait 3,500 a ramin PCIe na uku, 7,000 a na huɗu, na biyar kuma ya kusa ninka wannan. Sai dai akwai M.2 da siffarsa ce kawai siririya, cikinsa SATA ne, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Mutane da yawa sun sayo, sun soka, injin ya yi kamar bai ga komai ba.

Lambobin nan na ruɗar mai saye. Wanda ya ga 7,000 kusa da 550 zai ɗauka gem zai buɗe da sauri fiye da ninki goma. Ba haka abin yake ba. Babban tsalle yana tsakanin tsohon faifai da kowane irin SSD. Daga SATA zuwa NVMe, a mafi yawan gem, bambancin daƙiƙa ɗaya ne zuwa uku. A ganina, wanda kuɗinsa ya tsaya tsakanin NVMe mai gigabait 500 da SATA mai terabait ɗaya, kuma wasa ne damuwarsa, ya ɗauki mai faɗin. Mai haɗa bidiyon biki, da ke juya manyan fayiloli kullum, shi ne zai ci moriyar gudun NVMe sosai.

Ban da haka, injinan da suka fi yawa a hannun mutane ba waɗanda aka harhaɗa don wasa ba ne. Tsofaffin kwamfutocin ofis ne na Turai da Amurka, Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, da aka shigo da su ta Legas aka ɗora musu ɗan katin girafik. Masu firosesar Intel zubi na huɗu, na wajen 2013 da 2014, akasarinsu ba su da ramin M.2 sam. Daga zubi na shida, wajen 2015, ramin ya fara yawaita. Wanda injinsa ba shi da shi yana iya sayen ɗan kati mai araha da ake ɗora NVMe a kai a soka a ramin PCIe da ya rage. Tsohon bod ba lallai ya iya tayar da Windows daga nan ba, amma a matsayin wurin ajiye gem yana aiki lafiya lau. Kafin a fita kasuwa dai, a buɗe murfin a duba da ido, a ɗauki hoton bod ɗin da lambarsa a waya. Wannan ya fi muhimmanci ga mutumin Tsafe ko Kwatarkwashi, wanda canjin kaya a wurinsa tafiya ce ta yini.

Aikin kansa

Sa shi ba ya cin minti goma sha biyar. A kashe injin, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. In lokacin hunturu ne a ƙara kula. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu, wadda ke sa mutum ya ji tsat in ya taɓa ƙofar mota, ita ce ke tara lantarki a jiki, kuma tsat ɗin nan ya isa ya kashe ƙwayar da aka biya dubbai a kanta. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, a riƙe SSD ɗin ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinare.

M.2 a karkace ake soka shi, sannan a kwantar, a ɗaure da ɗan ƙaramin noti. Notin nan ya fi komai ba da wahala: da bod yake zuwa, ba da SSD ba, kuma injin na hannu sau da yawa babu shi. A roƙi mai shago ya haɗa da shi. In bod ɗin na da ƙarfen sanyaya a kan ramin, a ɓare ledar da ke manne a ƙasansa kafin a mayar. A wasu bod, da zarar an cika ramin M.2 sai ramin SATA ɗaya ko biyu su daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Wanda tsohon faifansa ya ɓace bayan ya sa sabo, kada hankalinsa ya tashi, ya mayar da wayar wani ramin.

Na SATA waya biyu yake so, ta bayani zuwa bod da ta wuta daga fawa fak. Injinan ofis na Dell da HP nan suke rowa, kan wuta ɗaya ko biyu kawai suke bayarwa, dole a nemi 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu. A guji mafi arahar, masu kan roba da aka narka a kan wayar, an sha ganin sun ƙone. Tunda babu abin da ke juyawa a ciki, in babu mazaunin ɗaure shi ko da igiyar roba aka kama shi a gefe ya wadatar.

Daga nan sai abin da ke sa mutane komawa shago da faɗa: an kunna, sabon faifai bai fito ba. Lafiyarsa ƙalau, Windows ne bai san da shi ba tukuna. A buɗe Disk Management, a zaɓi GPT, a yanka masa fili, a yi masa fomatin da NTFS, a ba shi harafi. A duba da kyau wane faifai ake taɓawa, don fomatin bai san hoton biki ba. Terabait ɗaya zai nuna gigabait 931, wannan ba cuta ba ce, kamfani da Windows ne kowa da irin ƙidayarsa. A Steam sai a ƙara sabon faifan cikin wuraren ajiya, a ce ta kwashe gem ɗin da ake so zuwa can, ba tare da an sauke ko megabait ɗaya ba.

Tsohon faifan kuma kada a yar. Shi ne rumbu, SSD kuma buhun da ke bakin madafa: abin da ake ci a makon nan a SSD, sauran a rumbu, in an so a ɗebo. Gem biyu ko uku da ake bugawa kullum su zauna a mai saurin, saura su jira a mai juyawa, tare da kwafin hotuna da takardu. Kwafin nan wajibi ne. Tsohon faifai in zai mutu yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi ta jan ƙafa. SSD sau da yawa dare ɗaya yake ɗaukewa, kuma ciro bayani daga mataccensa aiki ne da ko a manyan birane ba kowa ke iyawa ba. A bar masa kuma kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari babu komai, in ya cika maƙil gudunsa na raguwa.

Masu gidan gem ma abin ya shafe su. PlayStation 5, da ta fito a Nuwambar 2020, ta zo da gigabait 825, wanda wajen 667 ne kawai ke samuwa don gem. Tun Satumbar 2021 Sony ta buɗe ramin M.2 da ke cikinta, amma sai NVMe na PCIe zubi na huɗu, kuma da ƙarfen sanyaya. PlayStation 4 kuwa faifan inci biyu da rabi ne a cikinta, ana iya musanya shi da SSD na SATA.

Wuta, zafi, ƙura

Kaduna Electric ke raba wuta a Zamfara, tare da Kaduna, Sakkwato da Kabi. A Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Amma ba doguwar ɗaukewa ce ke cutar da SSD ba, ta ba-zata ce. In wuta ta yanke daidai lokacin da yake rubutu, taswirar da yake gane inda komai yake da ita tana iya rikicewa. Na manyan cibiyoyin bayanai suna da ɗan ma'ajin wuta a ciki da ke ba su damar kammala rubutun, na gida yawanci babu. Ƙaramin UPS mai riƙe injin minti biyar, ko inbatar sola, ya fi kowane garanti amfani. Wanda zai kashe kuɗi a SSD mai tsada alhali injinsa na jone kai tsaye da janareta, gara ya sayi matsakaici ya haɗa da UPS.

Zafin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40 a Gusau, wani abu ne. NVMe in ya kai wajen digiri 70 da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, kuma a yawancin bod ƙarƙashin katin girafik yake kwance, inda iska mai zafi ke fitowa. Ɗan ƙarfen sanyaya da fanka mai aiki sun isa. Ƙurar hunturu ba ta shiga cikin SSD, amma tana toshe fankokin da ke hura masa iska, don haka a riƙa bushe akwatin. Kada kuma a mai da SSD wurin ajiyar shekaru a cikin durowa. Ƙa'idar masana'antar, ga wanda ya riga ya sha aiki har iyakarsa, shekara ɗaya ce ba wuta a zafin digiri 30, kuma in zafin ya ƙaru lokacin raguwa yake. Wurin da ya fi tsohon faifai ƙwarai shi ne jure gargada: wanda ke ɗaukar injinsa a bayan mashin daga Bungudu zuwa Gusau ba ya fargabar allura ta karci faranti.

A kasuwa

Kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala na wajen 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa a 2023, lokacin da farashin SSD ya faɗi warwas a duniya har Samsung da takwarorinsa suka rage yawan abin da suke ƙerawa, mai saye a Najeriya bai wani ɗanɗani arahar ba. Kafin ya farga farashin duniyar ya sake hawa.

Hanyar kayan sananniya ce: daga China ko Dubai zuwa Computer Village da ke Ikeja, ko zuwa Kano, titin Beirut da Farm Centre, sannan Gusau, inda Bebeji Plaza ta zama matattarar masu waya da kayan haɗi. Tsafe da Bungudu daga Gusau suke ɗauka, ko a yi saƙo wurin direba. Kowane hannu da ribarsa, kuma kowane hannu na nesanta mai saye da garanti. Samsung na ba 870 EVO mai terabait ɗaya garantin shekara biyar ko rubutun terabait 600, duk wanda ya riga zuwa. A takarda ke nan. A zahiri garantin mutum shi ne rasit da kuma mai shagon da ya san fuskarsa.

SSD na hannu, wanda aka ciro daga injinan ofis, ba abin gudu ba ne. Sau da yawa ya fi sabo marar suna inganci. Manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo za ta nuna awa nawa ya yi a kunne, terabait nawa aka rubuta a kansa, da kashi nawa ya rage na lafiyarsa. Mai wasa ba ya rubutu da yawa, karatu ya fi yi, don haka wanda ya nuna kashi 90 zai daɗe. Abin tsoro shi ne jabu: kwali mai sunan babban kamfani, ciki ƙaramar ƙwaya da aka koya mata ƙarya, ta ce terabait biyu ce alhali ba ta kai gigabait 128 ba. Irin wannan zai karɓi gem na farko lafiya, sai an wuce ainihin cikinsa ya fara taka tsohon rubutu da sabo, mai shi bai sani ba. Araha ba ta ado. In farashin ya gaza rabin na sauran shaguna, an riga an faɗa maka abin da ke ciki.

Manhajar H2testw ce ke tona asirinsa, domin cika faifan take yi tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanto ta gwada. A terabait ɗaya tana iya cin awa biyu ko fiye. Mai shago mai gaskiya ba zai hana a jona a injinsa a bar ta tana aiki ba. Mutumin Gusau na iya gwadawa a gida ya dawo gobe in da matsala. Wanda ya taso daga Tsafe, da ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanyar nan, sai ya yi sammako, ya fara da shagon kwamfuta kafin sauran sayayya, ya ce, "Maigida, a sa mani shi gwaji, in na taso daga azahar in ɗauka."